GIZO: A SO SHI KO A TSANE SHI?

Jama'a, akwai wani ɓarawo da kowane gidan Bahaushe ya san shi, amma ba a taɓa kai ƙararsa gaban alƙali ba. Maƙaryaci ne, ga haɗama, ga cin amana, ga tsamin baki, ko matarsa Ƙoƙi ba ta tsira daga sharrinsa ba. Duk da haka da zarar an ambaci sunan Gizo cikin dare sai ka ga yara sun matso suna washe baki. Ni kaina ina ƙaunarsa har gobe, kuma ba na jin kunyar faɗa. Tambayar ita ce, shin daidai ne mutumin kirki ya yaba wa irin wannan taliki, har ya miƙa shi ga 'ya'yansa?

Gizo ba baƙo ba ne. Tun 1911 Frank Edgar ya fara buga tarin tatsuniyoyin Hausa, ga shi nan a ciki yana tsiyarsa. Ibrahim Yaro Yahaya ma ya shigar da shi makarantun firamare ta littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni. Yana da ɗan'uwa a Ghana mai suna Anansi, wanda ya bi bayi har Jamaika. Ashe ba mu kaɗai muka ga wani abu a jikinsa ba.

To mene ne abin? Bari mu ɗauki labarai biyu. Na farko, shekarar yunwa Gizo ya je wa Giwa ya ce Dorina na neman rancen hatsi, ya koma wa Dorina ya ce Giwa ce ke nema, ya kwashe duka ya kai gida. Ranar biya ya ba kowacce bakin igiya ɗaya, ya ce doki ne a ɗaure, suka wuni suna jan juna. Na biyu, hankaki suka tausaya masa, suka ara masa fuka-fukai don ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi. Da isa sai ya hana su, kowane ɗan ɓaure ya ce shi ya riga gani. Suka karɓe gashinsu suka bar shi nan.

Ƙarya ce a nan, ƙarya ce a can, amma zuciyar yaro ba ta auna su da mudu ɗaya. A na farko murna yake, domin ɗan mitsitsi ya juya manyan dawa da na ruwa, iyalinsa sun rayu. A na biyu dariyar faɗuwar Gizo yake, domin ya ci amanar waɗanda suka yi masa rana. Wato abin da muke so a Gizo shi ne ƙin sallamawa, da aiki da ƙwaƙwalwa inda ƙarfi ya ƙare. Abin da muke ƙi kuwa, juya wannan kaifin a kan ɗan'uwa.

Mu da ke noman rani a Kura da Bunkure da Kadawa mun fi kowa bukatar rarrabe waɗannan biyu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ɗaya muke sha. Babbar kanal ce ke ɗauko shi, ta rabu ƙanana, har ya iso bakin gona. Na sama shi ke fara samu, na ƙarshen layi sai abin da ya rage. Kowa ya san mai tashi tsakar dare ya toshe kanal da buhun ƙasa, ko ya fasa gefenta, shinkafarsa ta ƙoshi alhali ba ranarsa ba ce. Gari ya waye ka ji ana cewa, "Kai, wane akwai wayo!" Haka mai jera manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa, ya nufi Kwanar Gafan.

Don Allah wace giwa wannan mutum ya kayar? Wanda ya kwana da asara talaka ne irinsa, mai yiwuwa bashi ya ci ya sayi taki, albasarsa na can tana ƙonewa. Wannan ba Gizon igiya ba ne, Gizon ɓaure ne. Mafi muni, ɗansa na tsaye riƙe da tocila yana haska masa.

Wasu sukan ce a daina yi wa yara tatsuniyar Gizo baki ɗaya, tun da sau da yawa yakan yi ɓarna ya haye rufin ɗaki ya tsira. Maganarsu tana da nauyi, domin ko hatsin Giwa ai haram ne, yunwa ba ta halatta zamba. Sai dai ni a ganina yaron da bai gamu da Gizo a gaban kakarsa ba, zai gamu da shi a kasuwa, ranar kuwa ba dariya. Gara ya san fuskar mayaudari tun yana kan tabarma. Kakanninmu ma ba su ɓoye ba, kowace tatsuniya sukan rufe ta da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da ke ciki, don yaro ya san wasa ya ƙare, gaskiya ta dawo.

Saboda haka so daban, koyi daban. Ana iya yaba kaifin wuƙa ba tare da an yanki maƙwabci ba. Shawarata ga iyaye, in an gama dariya a tambayi yaro abu ɗaya: wa ya yi kuka a labarin nan? In ya iya amsawa, Gizo ya zama malaminsa. In bai damu ya sani ba, to a binciki abin da yake gani a bakin kanal.

Allah Ya ba mu wayon da ba ya cutar da kowa, amin.