ZIYARAR ƘARSHEN MAKO: WA MUKA JE GANI?

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A lokacin da aka yi wannan magana, mai karatu, ƙafa ce abu mai tsada. Mutumin da ya taso daga Rano zuwa Kano, ko daga Tasawa zuwa Maraɗi, a ƙasa ko a kan jaki, ba mai tambayarsa ko da gaske yake son ’yan’uwansa, ƙurar da ke ƙafarsa ta isa shaida. Yau tafiyar kwana biyu ta koma ta awa biyu. To shin idan mota ta sauke ka a gidan iyayenka ranar Asabar, ta kwashe ka ranar Lahadi, amma tsakanin nan hankalinka ya rabu biyu, rabi a kan waya rabi a kan ƙarfen da ke fake a ƙofar gida, zumunci ka yi ko kuwa tafiya ce kawai?

Kada ka yi saurin amsawa, domin ni ma ba na cikin masu ɗora wa waya laifin duk wata ɓarna ta zamani. Mu bi abin a hankali.

Ka san yadda ake yi. An iso, an gaisa, an ci tuwo, yara sun bazu. Kafin la’asar Hajiya ta laluba ƙarƙashin filo ta miƙo maka wayarta: “Ungo ɗan nan, duba min, tun wancan watan hoton jikokina ya ƙi buɗewa.” Ka karɓa da niyyar minti biyu. Memori ya cika. Ka goge bidiyon wa’azi da na biki da ’yan guruf suka turo, sai wayar ta ce sai an sabunta WhatsApp. Ka kunna mata data daga taka, sai a nemi fasuwod. Wa ya buɗe mata akawun ɗin? Wani yaro ne a shagon caji, shekara uku da suka wuce, kuma ya koma Legas. Nan awa guda ta tafi, kana ta tsaki, ita kuwa tana kallon fuskarka tana cewa, “Bar shi kawai, mu mun tsufa, abin ba namu ba ne.”

Wannan kalma ta “mun tsufa” ita ta fi damuna, saboda ba gaskiya ba ce. Matar nan ta yi shekara arba’in tana sarrafa keken ɗinki, ta san kukansa in ya so mai, ta san inda zare ke sarƙewa. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, cikin ’yan kwanaki iyayenmu suka iya Nokia 3310, kuma abin da suka koya ranar farko shi ne dai har wayar ta mutu. Wayar yau ba haka take ba. Ba a gama ƙera ta ba aka sayar maka, ana ci gaba da ƙera ta a cikin aljihunka. Ka kwanta maɓalli yana dama, ka tashi an mai da shi hagu, ba wanda ya yi shawara da kai. WhatsApp ya daina aiki a BlackBerry a ƙarshen 2017, ya bar ƙananan Nokia masu tsarin S40 a ƙarshen 2018, alhali wayoyin lafiyarsu ƙalau. A Disambar 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone, ya ce don batir ne, kuma a Fabrairun 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10. Abin da ka biya kuɗinka ka saya, amma wani a Amurka ne ke yanka ranar da zai daina amfani, naka ne ko aro aka ba ka?

Ga inda maganar ta zama ta ɗa’a. Fushin da ya dace da wanda ya sauya maɓallin ba ya isa gare shi, ya yi nisa. A kan wa yake sauka? A kan tsohuwar da ke zaune gefenka. “Haba Hajiya, sau nawa zan nuna miki?” Wanda bai taɓa ɗaga wa mahaifiyarsa murya a kan kuɗi ko gado ba, sai ga shi ya yi a kan fasuwod. Ita kuma ta karɓi laifin da ba nata ba, ta sa masa suna tsufa.

Kuma sau da yawa ba wayar ce matsalarta ba. Uwa Bahaushiya, musamman ga ɗan fari wanda ko sunansa ba ta faɗi, ba za ta buɗe baki ta ce “zo ka zauna kusa da ni, na yi kewarka” ba. Alkunya ba ta bari. Amma “duba min wayar nan” magana ce da ba kunya a cikinta, kuma tana zaunar da kai a bakin gadonta. Ai akwai jikoki a gidan da suka fi ka sanin waya, me ya sa ta ajiye maka wata guda? Saboda haka ni a ganina gyaran wayar Hajiya zumunci ne sosai, har ya fi doguwar gaisuwa. Sai dai wanda ya fizge ta ya fita tsakar gida neman sabis, ya dawo ya ce “ga ta nan, ta yi,” ya gyara waya ne kurum.

Maza kuwa nasu a ƙofar gida yake. Da an idar da la’asar za ka ga an kewaye mota, an buɗe bonet, wani yana dukan taya da ƙafa. Baba zai tuno Pijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, ya ce ita ce mota, kowane bakanike a kowane ƙauye ya san cikinta, ba irin na yanzu da sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu ba. Daga nan sai muhawara: Corolla ko Honda? Wannan ya ce Honda ba ta da ƙafa a hanyoyinmu, wancan ya ce amma ta fi daɗin tuƙi. A taɓo Beljiyam, a tuna zamanin da ake zuwa Kwatano a koro mota kafin gwamnati ta hana shigo da su ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 kuwa, da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin ’yan kwanaki, har ta haura 1,000 a wurare da yawa a ƙarshen 2024, tambayar farko ta koma ɗaya: yaya shan manta?

Ban raina wannan hira ba. Namiji Bahaushe da mahaifinsa ba su da yawan abin faɗa wa juna, mota ta ba su harshe. Idan tsoho ya duƙa ya shafa taya ya ce, “Anya wannan za ta kai ku Abuja?” ba taya yake nufi ba, cewa yake yi yana tsoron ya rasa ka. Kai ma da ka ce “gobe zan canja, Baba,” ka ba shi amsar da yake nema.

Amma ka dubi da’irar da kyau. Akwai wanda bai ce uffan ba tun da aka fara: yayanka, malamin firamare, wanda ya zo a kan tsohon mashin, ko ƙaninku da ya sauka daga Adaidaita Sahu. Ana ambaton miliyoyi kamar ana kirga gyaɗa, kana cewa ka rasa wadda za ka zaɓa tsakanin biyu, shi kuwa kuɗin makarantar ’yarsa yake juyawa a zuci, kuma ya yi niyyar yi maka maganar a wannan zuwan. Yanzu ta ina zai fara? Mun ce auna motoci muke yi, amma ma’aunin nan yana auna mutane a fakaice. Finafinanmu ma sun koya mana haka: in darakta yana son ka san Alhaji ya isa, ba sai an ce komai ba, hon kawai za a yi, maigadi ya rugo ya buɗe get.

Wani zai ce, to haramun ne mutum ya yi zancen abin da Allah ya hore masa? A’a, ba haramun ba ne. Kuma ban yarda da masu fakewa a bayan layi su ƙaraso a ƙafa don kada a gani ba, wannan ma wani salon raini ne, ka ɗauka ɗan’uwanka ba zai iya taya ka murna ba. Abin da ake nema shi ne wanda Hausa ta kira kara, ba dokar da ta wajabta ta, ba alƙalin da zai kama ka in ka ƙi. Kara ce za ta sa ka lura cewa hira ta kai minti talatin ba ta ba mutum ɗaya ƙofar shiga ba, ka juya ka ce, “Yaya, ya wajen su Malam hedimasta? Har yanzu kai ke riƙe da aji shida?” Malamai ma sun bambance mai sadar da zumunci da mai ramuwar ziyara, na farkon yakan nemi wanda aka bari a baya ne.

Ban sani ba ko ka taɓa lura da lokacin da ake faɗin magana mai nauyi a irin wannan ziyara. Ba a faɗinta ranar Asabar, ana ta fama da data. Ba a faɗinta da safiyar Lahadi, an kai mota wanki. Sai an loda buhun gero da ƙullin daddawa a but, yara sun shiga, ka tada inji kana duban agogo don ba ka son dare ya same ka a hanyar Kaduna, sannan Hajiya za ta matso jikin gilas, ta rage murya ta ce, “Af, na manta ban gaya maka ba, babanku fa kwana biyun nan ba ya iya cin abinci, sai kunu. Amma ku je, kada ku yi dare. Allah ya kiyaye hanya.”