Horon Ruhaniya da Matsalar Alheri a Koyarwar Richard Foster

Horon ruhaniya, a wurin malaman Kirista, shi ne ayyukan da mai bi yake lizimta da niyya, kamar addu'a da azumi da kaɗaita, domin halinsa ya sauya sannu a hankali zuwa kamannin Almasihu. Al'adar ta daɗe, domin tun ƙarni na 3 da na 4 masu zuhudu irin su Antoni suka ƙaurace wa gari suka tare a hamadar Masar saboda ita, amma ikilisiyoyin Furotesta, waɗanda suka gaji koyarwar Martin Luther cewa bangaskiya kaɗai ke kai mutum ga ceto, sun jima suna ɗari-ɗari da ita, don gudun kada ta zama hanyar sayen yardar Allah da aiki.

Wannan ƙullin ne Richard Foster, Ba'amurke ɗan ɗarikar Kweka da ya taɓa riƙe wata ƙaramar ikilisiya a Kalifoniya, ya nemi warwarewa a littafinsa Celebration of Discipline na 1978, inda ya kasa horo 12 gida uku: na zuci, na zahiri, da wanda jama'a ke yi tare. Hujjarsa ita ce horo ba ya jawo alheri, wato kyautar Allah wadda ba cancantar mutum ke kawo ta ba, sai dai yana ajiye mutum a inda alherin zai yi aiki a kansa, kamar manomin da sharar gona da shuka ke wuyansa, alhali tsirar iri ba a hannunsa take ba. Dallas Willard, malamin falsafa a Jami'ar Kudancin Kalifoniya a lokacin, wanda ya yi sujada a ikilisiyar Foster, ya ƙara wa wannan hujja ƙarfi a nasa littafin na 1988.

Gwanintar Foster ta fi fitowa a babin azumi, inda ya shawarci sabon shiga ya fara daga abincin rana zuwa na washegari yana shan ruwan 'ya'yan itace, kafin ya kai ga ruwa zalla, sannan ya lura cewa fushi da girman kai da ƙoshi ke rufewa sukan taso da zarar ciki ya yi ƙugi, ta haka mai azumi yake gane abin da ke mulkinsa. Ya kuma yi ƙarfin hali wajen sanya furta zunubi a gaban ɗan'uwa mai bi cikin horon jama'a, ko da yake Furotesta da yawa suna ganin wannan aikin Katolika ne.

Inda littafin Foster ya fi rauni shi ne batun sauƙin rayuwa, wato rage tarin kaya da kwaɗayinsu, domin da mai wadata yake magana, wanda kantuna suka cika masa ido, kuma shawarar rage saye ba ta da amfani sosai ga talakan da abincin yau ma sai ya fita nema.