Ƙofar Da Makaho Ba Ya Iya Shiga: Alfarma Ce Ko Haƙƙi?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, tambayata ta yau ita ce: idan mutum ya gina manhaja ko shafin intanet domin jama'a, sai ya kasance makaho ko kurma ba ya iya amfani da shi, gyara masa hanya alfarma ce da za a gode wa mai ginin, ko kuwa haƙƙi ne da za a tambaye shi a kansa? A fahimtata haƙƙi ne, kuma ga dalilaina.

Mu fara da yadda abin yake, domin da yawa daga cikinmu ba mu san makafi suna amfani da waya ba. Suna yi ƙwarai. A wayar Android akwai TalkBack, a iPhone akwai VoiceOver, a kwamfuta akwai NVDA, wadda makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina, kuma kyauta ake sauke ta. Aikin waɗannan manhajoji shi ne su karanta wa mutum abin da ke kan allo da murya. Ya ɗora yatsa, ta faɗa masa abin da ya taɓa. To amma ita manhajar abin da mai gini ya sa wa suna take faɗa daidai. Idan ya saka madannin tura kuɗi a siffar kibiya bai rubuta masa suna a ciki ba, abin da makaho zai ji shi ne "madanni", shi kenan. Na turawa ne ko na gogewa? Oho.

Wannan ya taɓa kaiwa gaban alƙali. A Amurka, wani makaho mai suna Guillermo Robles ya yi ƙoƙarin sayen abinci ta shafi da manhajar kamfanin Domino's, abin ya ƙi. A 2016 ya kai ƙara, yana dogara da dokar kare nakasassu ta ƙasar wadda aka yi a 1990. Kamfanin ya yi jayayya, yana cewa babu ƙa'idojin gwamnati da suka fayyace yadda shafin intanet zai kasance. A farkon 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar ta hau kan shafin da manhajar, tunda ta nan ne ake isa ga kayan shagon. Kamfanin ya garzaya Kotun Ƙoli, a watan Oktoba na shekarar ta ƙi sauraron ƙarar. Ma'anar hukuncin a taƙaice ita ce shafin ƙofar shago ne, kuma ba a toshe wa wani ƙofa saboda idonsa.

Mu a nan lamarin ya fi sayen abinci nauyi. Ku tuna farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin naira, takardar kuɗi ta yi wuya, kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Mai ido ya sha wahalar layi da ta sabis. Makaho kuwa, idan manhajar bankinsa ba ta karantuwa, zaɓinsa ɗaya ne: ya miƙa wa wani wayarsa, ya faɗa masa lambar sirrinsa. Wanda ya karɓa ya ga nawa ke cikin asusun, ya ga wa ake aika wa. Idan mai amana ne, an dai tona wa bawan Allah asiri. Idan ba mai amana ba ne, kun san sauran. Mutum baligi mai hankali, shari'a ta ba shi ikon dukiyarsa, amma madanni marar suna ya mayar da shi tamkar yaron da ake riƙe wa kuɗi.

Wani zai ce, Malam, ai mai ginin bai yi da gangan ba, bai ma tuna da makaho ba. Gaskiya ne, kuma ba na cewa ya yi zalunci da niyya. Amma mu dubi dalilin saukar farkon Suratu Abasa. Manzon Allah (SAW) yana tare da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin su musulunta, sai Abdullahi ɗan Ummu Maktum (RA), makaho, ya zo yana neman a koya masa. Manufar Annabi (SAW) alheri ce tsantsa, shi kuma makahon ba ya ma ganin yanayin fuskar da aka yi. Duk da haka Allah Ya saukar da ayoyi a kan lamarin, muna karanta su a sallah har gobe. Darasin da nake ɗauka shi ne, shagaltuwa da waɗanda ake ganin sun fi amfani ba ya zama uzurin jinkirta wanda ya zo da buƙatarsa. Wannan kuwa shi ne ainihin lissafin da ake yi wajen gina manhaja: a fara da masu yawa, nakasassu sai daga baya in an samu hali. Sahabin nan fa daga bisani ya zama ladani tare da Bilal (RA), kuma Annabi (SAW) ya sha barin sa a Madina yana jan sallah idan ya yi tafiya.

Su ɗin ma ba 'yan kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da wata nakasa mai tasiri. Kusan mutum ɗaya cikin shida kenan. Ga kuma tsufa yana jiran duk wanda Allah Ya ja kwanansa. Idon da ke karanta ƙananan haruffa yau, nan da shekara talatin sai an ƙara masa girmansu.

Wani kuma zai ce akwai tsada. A nan sai an yi adalci. Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta, kuma matashin da ke gina shafi shi kaɗai a ɗakinsa ba daidai yake da banki ba. Sai dai mafi yawan abin da ake nema sani yake buƙata fiye da kuɗi. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da jagora mai suna WCAG tun 1999, ta sabunta shi a 2008 da 2018 da 2023, kuma kowa na iya karanta shi kyauta. Daga cikin abin da ya ƙunsa: kowane hoto a rubuta masa bayani, kowane madanni a sa masa suna, bidiyo a sa masa rubutun abin da ake faɗa, launin rubutu ya bambanta sosai da na bango, kuma a iya zagaya shafi da allon rubutu kaɗai domin wanda hannunsa ba ya riƙe linzamin kwamfuta. Idan tun daga tushe aka sa waɗannan, abu ne mai sauƙi. Wahalar tana zuwa ne idan an gama gini aka dawo ana fasa bango.

A usulul fiƙhi mun karanta cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Idan biyan kuɗin makaranta, neman aiki, rajistar jarrabawa da karɓar albashi duk sun koma ta intanet, to hanyar shiga ta daina zama ƙawa. Hukumar da ta rufe tagar da ake zuwa da ƙafa ta ce kowa ya bi ta manhaja, ta ɗauki nauyin manhajar ta karɓi kowa. A Najeriya ma an sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Janairun 2019. Amma mumini ba ya jiran sammacin kotu kafin ya sauke haƙƙi.

Kada mu tsaya kan bankuna da hukumomi, mu ma masu shafukan da'awa abin ya shafe mu. Ana rubuta hadisi a cikin hoto mai ado a watsa, ba a sa rubutun a jikin saƙon ba. Facebook yana ƙoƙarin yi wa hoto bayani da kansa tun 2016, amma hasashen na'ura ne, ba abin dogaro ba ne wajen nassi. Ana ɗora tafsirin awa guda babu rubutu ko layi ɗaya, kurma yana ganin bakin malam yana motsi kawai, alhali a Kano da kewaye kurame suna da maganar hannu tasu, akwai kuma masu iya fassarawa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Idan ka sa hoto mai rubutu, ka kwafi rubutun a samansa. Idan ka ɗora karatu, ka rubuta taƙaitawarsa. Idan kai magini ne, ka kunna TalkBack, ka rufe ido, ka gwada tura naira ɗari ta manhajarka. Wanda ya fi ma, ka nemi makaho da kurma su gwada maka tun kafin ka sake ta, ka kuma biya su ladan aikinsu, domin su suka san inda hanya take toshewa.

Jiya kana da uzurin rashin sani. Yau ka sani.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin bayinSa, Ya sa mu dace. Wallahu a'alam.