Darasi Na Tara: Uban Da Ya Kawo Ɗansa Wurin Yesu

Karatu: Markus 9:14-29. Ayar haddacewa: Markus 9:24.

Darasinmu na yau domin waɗanda su ke ɗauke da nawayar wani ne, watau iyaye da mata da 'yan'uwan mai shaye-shaye. A Mararaba iyaye da yawa su kan fita tun da asuba su bi hanyar Nyanya zuwa wurin aiki a Abuja, ba su komowa sai dare. Kafin uba ya farga, ɗansa ya riga ya san inda a ke sayar da ƙwaya. Binciken da aka fitar a shekarar 2019 ya nuna mutum wajen miliyan 14.3 a Nijeriya sun sha miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. Kowane ɗayansu kuwa yana da gida, a gidan kuma akwai mai kuka.

1. Wahalar uban

Sa'ad da Yesu ya sauko daga dutse, ya tarar da wani mutum wanda ya kawo ɗansa wurin almajirai, su kuwa sun kasa. Yesu ya tambaye shi tun yaushe abin ya same shi, ya ce tun yana ƙarami. Ku dubi yawan shekarun da wannan uba ya yi yana fizge ɗansa daga wuta da ruwa, ba barci, ba hutawa.

Markus ya faɗa a sarari cewa ƙazamin aljani ne ya kama yaron. Kada mu ɗauki wannan mu ɗora wa kowane mai shaye-shaye. Tiramadol, idan an sha shi da yawa, ya kan buga mutum da ƙasa kamar mai farfaɗiya. Wanda jikinsa ya saba da shi, ko da kodin, idan ya daina farat ɗaya sai gumi da ciwon gaɓoɓi da zawo da rashin barci su taso masa. Saboda haka ne ya kan rantse da safe, ya karya rantsuwar kafin magariba. Akwai zunubi a ciki, akwai kuma cuta, Ubangiji kuwa ya san su duka biyu. Amma azabar uban nan ita ce taku, gama kun san tsoron bugun ƙofa da tsakar dare.

2. Bangaskiyar uban

Mutumin ya roƙi Yesu ya taimake su in zai iya. Wannan maganar wanda ya sha sa rai ne, ya kuma sha faɗuwa. Da Yesu ya nuna masa muhimmancin ba da gaskiya, nan da nan ya ɗaga murya ya shaida ya ba da gaskiya, a cikin numfashi guda kuma ya roƙi taimako saboda ƙarancin bangaskiyarsa. Yesu bai kore shi ya je ya ƙaro bangaskiya tukuna ba. Ya karɓi 'yar wadda ya zo da ita, ya kama hannun yaron ya tashe shi.

Ga zuciyar darasin. Bangaskiyar da ta gaji, bangaskiya ce har wa yau, muddin ta zo gaban Yesu da gaskiyarta. Ya ke uwa, idan addu'a ta yi miki nauyi, faɗa wa Ubangiji haka nan, gama wannan ma addu'a ce. Monika, mutuniyar Afirka ta Arewa, ta yi shekaru tana kuka saboda bauɗewar ɗanta Agustin, sai a shekarar 387 ta ga an yi masa baftisma, a shekarar kuma ta rasu. Ba a yi mana alkawarin ranar ba, amma an yi mana alkawarin Ubangiji yana tare da mu har ranar.

3. Aikin da ya rage mana

Uban ya kawo ɗansa a gaban taro, bai ɓoye shi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku gaya wa fasto ko dattijo amintacce, ku kuma kai shi wurin likita, gama hikimar likita baiwar Allah ce. Hukumar NDLEA ma tana da masu ba da shawara. A watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma doka ba ta iya cire ƙishirwa daga cikin zuciya.

Ku ba shi abinci da wurin kwana, amma kada ku sa kuɗi a hannunsa, kada kuma ku yi ƙarya ku rufa masa. Ku yi hankali da gidajen da a ke ɗaure mutane da sunan gyara ko addu'a. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Almasihu kwance sarƙa ya zo yi. Idan ɗan'uwanku ya koma ruwa bayan ya daina, a sake farawa, gama hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ikilisiya kuma ta kula. Malaman Attaura sun tsaya gardama, yaro yana shan wuya. Kada mu zama masu tambayar laifin wa ne, alhali uwar yaron ta daina zuwa sujada saboda kunya.

Tambayoyi

1. Me ya sa Yesu ya tambayi uban daɗewar ciwon?
2. Ƙaƙa za mu bambanta taimako da goyon bayan mugun hali?
3. Wane gida ne ƙungiyarmu za ta ziyarta a wannan mako, ba tare da yayata asirinsa ba?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, ka dubi 'ya'yanmu da ƙwaya ta ɗaure, ka dubi mu da muka gaji. Ka riƙe bangaskiyarmu har ka tashe su, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.