Hassada ga Mai Rabo Taki Ce: Idan Mahassadin Amini Ne

Hausawa na cewa hassada ga mai rabo taki ce, wato baƙin cikin da wani ke yi da ni'imar ɗan'uwansa, har yana fatan ta gushe, ba ya rage wa wanda Allah ya nufa da samu komai, sai ma ya ƙara masa yabanya. Hikimar ta fito ne daga gona, inda ƙazantar da aka share daga turke aka jibge a juji ita ce damina ke mayarwa dawa da gero. Sai dai manomi ya san cewa ɗanyen kashin kaji, idan aka zuba shi a gindin shuka, ƙone ta yake yi, kuma wannan ne ɓangaren da masu jawo karin maganar suka cika tsallakewa.

A Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka fara bugawa a 1937, maganar ta tabbata sarai. Wazirin Sarki Abdurrahman, da sarautar ta tsone masa ido, ya haɗa baki da abokan gaba domin a kawar da Musa ɗan sarki, amma wani aku ya yi ta riƙe yaron da labarai har makircin ya wargaje, kuma a ƙarshe akun ne ya gaji wazircin. Abin lura shi ne Musa bai tsira don an yi watsi da mahassadin ba, ya tsira ne don akwai mai tsaro da bai runtsa ba.

Irin wannan hassada ta makusanci ake gani a Abuja, garin da yawancin ma'aikatansa baƙi ne. Abokai biyu kan taso daga gari ɗaya su kama ɗaki guda a Nyanya ko Kubwa, su riƙa sammakon neman mota tare, har ranar da ɗayansu zai sami ƙarin girma ya koma Gwarimpa. Wanda aka bari shi ne kan fara zuwa da "Allah ya sanya alheri, mutumina", kuma wani lokaci shi ne kan rubuta takardar ƙorafi marar sa hannu, domin shi kaɗai ya san bashin da ake bin abokin da kuskuren da ya taɓa yi a wurin aiki.

Wani wasan kwamfuta na ban tsoro mai suna Mouthwashing, wanda kamfanin Wrong Organ na ƙasar Suwidin ya ƙirƙira ya fito a 2024, ya tona wannan hali ƙwarai. Mutum biyar ne a cikin kumbon dakon kaya mai suna Tulpar, kuma Jimmy, mataimakin matuƙi, shi ne ya jefa kumbon cikin hatsari da gangan, sannan ya ɗora laifin kan kyaftin Curly, tsohon amininsa, wanda ya ƙone ya rasa hannuwa da ƙafafu har ba ya iya magana. Masu sha'awar wasan da dama na fassara cewa muƙamin kyaftin ba shi ne ainihin abin da Jimmy ke ƙishirwa ba, so yake ya zama Curly ɗin kansa, shi ya sa bai bar shi ya mutu ba, yana ɗura masa maganin rage raɗaɗi yana kuma hantararsa, domin yana bukatar idon da zai shaida cewa yau shi ne a sama. Fassarar tana da ƙarfi, don mahassadin nesa faɗuwar mutum kawai yake jira, shi kuwa na kusa so yake a faɗi a gabansa a kuma ci gaba da bukatarsa.

Curly ma bai fita da hannu fari ba. Anya, ma'aikaciyar jinyar kumbon, ta sanar da shi cin zarafin da Jimmy ya yi mata, amma ya zaɓi lallashin abokinsa maimakon tsawatarwa, yana zaton tsohuwar amana za ta gyara abin da ya riga ya ruɓe. Haƙurin da ya ɗauka a matsayin karamci Anya ce ta fara biyan kuɗinsa, kafin sauran mutanen kumbon su biya da rayukansu.