Alhakin Wanda Ya Ce "Na Gwada"

Duk wanda ya daɗe a Sabo ya san a kan me aka gina unguwar nan. Tun da aka ware wa Hausawa wannan wuri a Ibadan a 1916, cinikin shanu da goro da lamuni yake tafiya. Baƙo ya kawo shanu daga Arewa ya sauka gidan maigidansa, mahauci ya ɗauki sa bashi, in kuwa kuɗi suka maƙale, maigida za a kama. Dillalin da ya san kansa ba ya cewa "ni dai haɗa ku na yi". Ya sa baki, ya ci la'ada, to wuyansa na ciki. Na tuno mana da wannan ne saboda wani sabon dillanci da ya cika unguwa, wanda ake cin la'adarsa amma ba mai ɗaukar lamuninsa, wato dillancin maganin ciwon jijiya.

Ciwon da nake nufi kowa ya san mai shi. Dattijo ne ko gyatuma da ke cewa tafin ƙafarta na zafi kamar ta taka garwashi, ko kamar ana soka mata allura, ko tururuwa na yawo a yatsunta, kuma da dare ya fi tsanani, har zanen rufa ma ba ta so ya taɓa wurin. Mu kan ce sanyi ne. Likitoci kuwa sun ce ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa ne suka fara lalacewa, kuma babban mai jawo shi ciwon suga ne. Kusan rabin masu suga kan gamu da shi in tafiya ta yi nisa. Amma ba suga kaɗai ba. Ƙarancin sinadarin B12 na kawo shi, har ga wanda ya daɗe yana shan metformin. Giya na kawo shi, ciwon ƙoda na kawo shi, kuturta ma haka, kuma maganin tarin fuka isoniazid na iya jawo shi, shi ya sa ake haɗa wa wasu da B6. A nan garin ma, a asibitin UCH da ke maƙwabtaka da mu, Farfesa Osuntokun ya yi suna tun shekarun 1960 da binciken wani ciwon jijiya da aka danganta da yawan cin rogon da ba a gyara shi da kyau ba. To ciwo mai iyaye da yawa haka, wace gora ɗaya ce za ta warkar da shi duka, har ta ƙara da basir da hawan jini da ƙarfin maza?

Mai haɗa maganin bogi ba shi ne damuwata a yau ba. Hukuncinsa a fili yake, kuma yawanci ba mu ma san fuskarsa ba. Wanda ya dame ni shi ne na tsakiya. Ƙanwarmu da ke tura hoton kwalba a zauren WhatsApp na matan layi don ta samu na cefane. Ɗan'uwanmu da ya shiga kamfanin nan na "kawo mutum uku a ba ka kaso". Da kuma wanda ko sisi bai ci ba, ya dai tare ka bayan sallar Magariba ya ce, "Wallahi Alhaji na gwada, kwana uku na yi barci kamar jariri." Yawancinsu ba maƙaryata ba ne. Sun yarda da abin da suke faɗa. Shin yardar tasu ta wanke su?

Ni a ganina ba ta wanke su ba, kuma dalilin yana cikin halin ciwon kansa. Zafin jijiya yana hawa yana sauka, kuma mutum kan sayi magani ne ranar da abin ya kai maƙura, don haka ko ruwan randa ya sha, akwai yiwuwar jibi ya ji dama. Sannan an sha kama magungunan da ake kira na ganye zalla an cusa musu na asibiti a ɓoye, irin su dexamethasone ko diclofenac. Na farkon zai sa ka ji garau, ka ci abinci, ka yi ƙiba, alhali yana ɗaga sugan da ke cin jijiyar; na biyun kuwa in aka daɗe a kansa yana taɓa ƙoda da ciki. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na uku. Jijiyar da ke zafi tana da sauran rai. Idan ta ƙarasa mutuwa, zafin na iya ɗaukewa, ƙafa ta zama kamar itace. Mai ciwo ya yi hamdala, ya je ya ba da shaida a gaban jama'a cewa ya warke, alhali ranar ce ƙafarsa ta daina kai masa labari. Daga nan ƙusa ta soke shi bai sani ba, ko ya tsoma ƙafa a ruwan zafi ya ƙone bai ji ba, ko wanzami ya yi masa tsaga don a fitar da "mugun jini", gyambo ya kafu, ya ƙi warkewa, ƙarshenta a kai shi ɗakin tiyata. Ka ga shaidarsa ta gaskiya ce daga zuciya, amma abin da ya shaida ba haka yake ba. Dillalin shanun da ya rantse sa lafiyayye ne bai buɗe bakinsa ya duba ba, a zamanin iyayenmu ba a karɓar "ai ban sani ba" daga wurinsa, domin dubawar ita ce aikinsa.

Za a ce, to ai akwai lambar NAFDAC a jiki. Jama'a, a duba da kyau. Magungunan gargajiya da yawa lambarsu na ƙarewa da harafin L, kuma ma'anarta an duba ba a ga alamar guba a samfurin da aka kai ba, an ba shi izini na wucin gadi. Ba a ce yana warkar da komai ba. A jikin kwalbar ma akan rubuta da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Lambar kuma ana iya buga ta jabu kamar yadda ake buga komai. Haka kafson bitamin masu tsada da ake cewa daga Amurka suke: B12 na taimakon wanda ya rasa shi ne, wanda yake da isasshe kuɗinsa kawai yake fitsararwa. B6 kuwa in ya yi yawa shi da kansa yana lalata jijiya, har hukumar magunguna ta Ostireliya a 2022 ta wajabta rubuta gargaɗi a kan duk wanda ya wuce miligiram 10 a rana.

Ban manta da ɗaya gefen ba, kuma yana da nauyi. Mutum ya tashi da asuba ya bi layi, ya biya kati, ya biya gwaji, ya ga likita minti biyar cikin yaren da bai ƙware ba, a ce masa wannan ciwo ba a cika warkewa ba, sai dai a tsare suga, a rage zafi da irin su amitriptyline ko pregabalin. Mai gora kuma ya zo har zaure, ya gaishe shi da Hausa, ya tambayi iyali, ya ce in sha Allahu sati biyu. Wa zai zargi mara lafiya? Ni dai ba zan zarge shi ba. Sa rai ma abinci ne. Amma wata shidan da ya yi yana shan gorar bai gwada suga ba, wa zai dawo masa da su? Kuma in magani bai yi ba, mai shi ya ce "Allah ne mai warkarwa". Gaskiya ne, sai dai ban taɓa jin ya faɗi haka kafin ya ƙirga kuɗinsa ba.

Sai mu masu shiru. Mun san mai sayarwa, mun san iyayenta, gobe za mu haɗu a gidan suna, sai kunya ta rufe mana baki, mu kira shi zumunci. Amma ita gyatumar da ke saye ai tamu ce ita ma. Ba sai an yi tonon silili a bainar jama'a ba. Ana iya jan mutum gefe a tambaye shi abu uku: me ke cikin kwalbar, wa ya gwada jinin wanda za ka ba, kuma in ƙafar ta ruɓe, kai za ka biya asibiti? Wanda ya iya amsawa, sai a saurare shi.

Wanda kuma ke da tsoho mai wannan ciwo a gida, kafin a sayi komai a kai shi a gwada suga, wasu kemis ma suna da na'urar, sannan a nemi likita ya gano musabbabin. Kullum da dare a haska tocila a tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, a zazzage takalminsa kafin ya sa, ruwan alwala kuma wani ya fara taɓa shi da hannu.