Agogon Jirgi, Agogon Gari

A manyan jiragen ruwa da ke yawo da masu buɗe ido daga wannan tasha zuwa waccan, akwai wata doka da akan nanata wa kowane fasinja kafin ya sauka shan iska: jirgi yana da agogonsa, garin da aka tsaya kuma yana da nasa. Kyaftin ne ke yanke wanda za a bi. Wani lokaci yakan sa a gyara agogon jirgi da dare don ya dace da na ƙasar da za a wayi gari a cikinta, wani lokaci kuma ya bar shi a kan agogon tashar da aka taso. In aka ce kowa ya dawo ƙarfe biyar, biyar ɗin jirgi ake nufi. Sai mutum ya sauka, wayar hannunsa ta koma kan agogon garin da kanta bai sani ba, ya yi ciniki a natse, ya dawo bakin ruwa ya hango jirgi ya yi nisa da kayansa a ciki. Wayarsa ba ta yi masa ƙarya ba, abin da ta nuna shi ne lokacin garin da yake tsaye. Amma alkawarin da ya ɗauka a kan wani agogo daban aka ƙulla shi. To, wa ke da laifi?

Mai karatu a Madarumfa zai iya cewa wannan matsalar masu hannu da shuni ce. A tafkinmu sai kwale-kwalen masunta, kuma wanda ya bi ta Ɗan Isa ya ƙetara zuwa Jibiya ko Katsina ba ya taɓa agogonsa, domin Nijar da Najeriya lokaci ɗaya suke bi. Sai dai ko ba mu shiga jirgi ba, da agogo biyu muke rayuwa kullum.

Agogon da hukuma ke aiki da shi a Nijar yana gaban GMT da awa ɗaya, wato an daidaita shi da tsakar ranar wuraren da ke kan digiri 15 gabas da Girinic. Madarumfa kuwa ta ɗan haura digiri 7 ne kawai. Tunda kowane digiri ɗaya daidai yake da minti huɗu na tafiyar rana, idan agogo ya buga sha biyu, rana tana da sauran kimanin rabin awa kafin ta daidaita a tsakar kanmu. A Yamai tazarar ta haura minti 50, a Difa kuwa wajen minti 10 ce. Ita kanta ranar ba ta tsaya wuri ɗaya: a nan takan faɗi wajen ƙarfe shida a ƙarshen Nuwamba, a farkon Yuli sai wajen bakwai. Ashe dai ƙasar ce jirgin, agogon hukuma shi ne agogon kyaftin, kowane gari kuma tasha ce mai nata hantsi da nata almuru.

Masu tafiyar teku ne suka fara cin karo da wannan al'amari. A shekarar 1522, sauran mutanen Majalan da suka kewaya duniya suka tsaya a tsibiran Kap Ber, can gaban gaɓar Sanagal. A lissafinsu ranar Laraba ce, mutanen tsibirin suka ce Alhamis ce. Ba su tsallake ko kwana ɗaya a rubutunsu ba, tafiyar da suka yi ta yi suna bin rana yamma ce ta cinye musu yini guda. Daga baya, a ƙarni na 18, John Harrison na Ingila ya ƙera agogon da ba ya rikicewa a kan teku. Amfaninsa shi ne ya riƙe lokacin gida, matuƙi kuma ya auna tsakar ranar inda yake, bambancin da ke tsakanin biyun ya faɗa masa nisan da ya yi gabas ko yamma, digiri 15 ga kowace awa. Wannan wuri ya cancanci a tsaya a kansa. Matuƙin da ya jefar da ɗaya daga cikin lokutan biyu don ya huta da lissafi ya ɓata ke nan, domin sanin inda yake yana cikin tazarar da ke tsakaninsu ne.

A 1884 aka yi taro a Washinton aka amince da Girinic ya zama mafarin awo. Faransa ta ja ƙafa har 1911 kafin ta daidaita agogonta da shi. Wannan tarihi ya isa ya nuna cewa agogon hukuma yarjejeniya ce ta ƴan Adam, an yi gardama a kanta, an kuma yi siyasa. Mai sauraren rediyo ya san haka ba tare da an karantar da shi ba, tunda ya saba jin ana faɗin lokacin shiri da agogon Najeriya da Nijar, sannan a sake faɗinsa da na Gana. Ɗan kasuwar da ya nufi Kumasi ta Burkina Faso yakan mayar da agogonsa baya da awa ɗaya, alhaji kuma in ya sauka Jidda ya tura nasa gaba da awa biyu.

Ra'ayina shi ne, kowane agogo yana da hurumin da ba a ƙetara masa. Akwai abubuwan da rana ce kawai ke da iko da su. Salla da azumi ba su san digiri 15 ba. Alfijir yana ketowa a Madarumfa kimanin minti 20 kafin ya keto a Yamai, don haka wanda ya ci gaba da sahur yana jiran kiran sallar da zai ji daga babban birni ta rediyo, ya ci abinci bayan asubarsa ta yi, ko da agogonsa da na mai kiran sallar sun nuna minti ɗaya. Haka masunci da manomi, da haske da zafin rana suke aiki, kuma kuskure ne babba a kira wannan lalaci ko rashin wayewa. Kakanninmu da suka raba yini zuwa asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru da lisha sun san lokaci sarai, sun kuma cika alkawari da shi tun ba a kawo agogo ba.

Amma akwai abubuwan da yarjejeniya ce ke mulkinsu, kuma a nan gaskiyar rana ba ta wanke kowa. Jarrabawar BEPC da ƙarfe ake buɗe ta. Yaron da ya makara ba zai ce wa mai tsaron aji a lissafin rana da sauran rabin awa ba, ko da yake maganarsa gaskiya ce. Ƙarfin agogon jirgi ba daga daidaitonsa da sama yake fitowa ba. Yana fitowa ne daga cewa mutane da yawa sun ɗora al'amuransu a kansa, kowa ya dogara da cewa ɗan'uwansa ma shi yake bi. Bahaushe ya ce alkawari kaya ne, kuma sanin agogon da aka ɗaure kayan da shi yana cikin ɗaukarsa. Fasinjan da jirgi ya bari bai yi ƙarya ba, bai kuma yi ha'inci ba, ya dai yi sakaci da wannan sanin, shi ya sa nake ganin laifinsa ƙarami ne amma laifi ne.

Babban laifi yana wurin wanda ya san agogon biyu, yake sauya su yadda ya ga dama. Mun san shi a tarukan ƙungiyoyinmu. An rubuta ƙarfe huɗu a takardar gayyata, ya zo biyar da rabi, ya ce ai bayan la'asar ake nufi. Ranar da shi ke bin wani bashi kuwa, huɗu huɗu ce, har da duba tsintsiyar hannu. Mafi muni shi ne babban baƙon da ya sa a tara ƴan makaranta tun hantsi, su yi layi cikin rana, shi kuma ya iso bayan azahar a tarbe shi da tafi. Sau da yawa akan yi dariya a ce ai agogonmu ne na baƙar fata, ni kuwa ban ga abin dariya ba, domin wannan agogon ƙarami bai isa ya yi amfani da shi a kan babba ba. Kyaftin yana da haƙƙin barin wanda ya makara ne saboda shi ma dokar ta hau kansa, dole ya tashi a lokacin da ya faɗa. Malamin da ke tsare ɗalibai a bakin ƙofa don sun makara minti biyar, alhali shi kan shigo aji bayan rabin awa, ya riƙe ikon kyaftin ne ya ajiye nauyinsa.

Za a iya cewa tsananta wa mutane da ƙarfe rashin tausayi ne a wurin da hanya ke yankewa da damina, mota kuma ba ta tashi sai ta cika. Wannan gaskiya ce, kuma jirgin ma yakan jira waɗanda suka fita yawo a ƙarƙashin shirin jirgin kansa in wani abu ya tsare su. Uzuri yana da wurinsa. Sai dai mai uzuri ya yarda da agogon da aka yi alkawari a kansa, ya zo yana ba da haƙuri, wanda kuma ya sauya agogo yana zuwa ne yana musun cewa ya makara.

Su ma masu kiran taro akwai nasu rabon. Wanda ya sa taro ƙarfe shida na yamma a watan Nuwamba ya sa shi ne daidai kan magariba, ya san babu mai zuwa, ya kuma koya wa jama'a cewa abin da aka rubuta ba shi ake nufi ba. In bayan la'asar ake so, a rubuta bayan la'asar, a faɗi masallacin da za a bi, tunda ba duka suke tayar da salla tare ba. In kuwa ƙarfe huɗu aka rubuta, shugaban ƙungiya ya buɗe taro ƙarfe huɗu da waɗanda suka zo, ko da mutum shida ne a kan benci.